Tsokaci Kan Alƙalancin Ƙwallon Amurka

Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar 20 ga Janairu, 2019, a birnin New Orleans, Robey-Coleman na ƙungiyar Rams ya bangaje Tommylee Lewis na Saints tun ƙwallo bai iso gare shi ba. Alƙalai suka yi gum, Rams suka yi nasara da ci 26 da 23. Magoya baya sun yi ta tsine wa alƙalan, alhali doka ma da nata laifin, domin ita ta hana a sake duba irin wannan keta a bidiyo. Hukumar NFL ta gyara dokar a 2019, sannan ta janye gyaran a 2020, bayan an ga da wuya masu dubawa su soke hukuncin abokan aikinsu. Ashe gyaran doka banza ne muddin mai zartar da ita bai gyaru ba.