Goge da Tarihin da ke Cikin Tsirkiyarsa: Tsokaci

Manazarta waƙar baka a jami'o'inmu sun daɗe suna fifita mawaƙin da ya fi yawan kalmomi. Saboda haka kundaye suka taru a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, aka bar mai goge a gefe, wai kiɗansa na bariki ne, ba shi da baitocin da za a feɗe. A ganinmu wannan ma'auni ya gaza, domin a kiɗan goge take shi ne matanin.

Kayan aikin ba shi da yawa: ƙoƙo da aka rufe da fatar guza, da tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki, da ɗan baka, sai masu ƙwarya a gefe. Amma a fagen bori kowane iska da takensa. Na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban, kuma ɗan bori yakan gane wanda ake kira tun mai goge bai buɗe baki ba. Take irin wannan ba ya sauyawa da sauƙi, don haka yana riƙe da abin da ya girmi mawaƙin.

A nan ne tarihin yanki ya shigo. Malaman jihadin ƙarni na 19 sun ƙyamaci bori da kiɗansa, sai al'adar ta fi samun sarari inda sarakunan Haɓe suka yi gudun hijira: Katsinawa a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri, Zagezagi kuma a garin da Abu Ja ya kafa a 1828. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda ta koma Suleja bayan an zaɓi sabon babban birni a 1976. Ɗalibin da ke zaune a Abuja yana neman tsofaffin take, tafiyarsa ba ta da nisa.

Ƙasƙancin goge ma ba gadonsa ba ne a ko'ina. A ƙasar Dagomba ta Ghana, masu gonje makaɗan fadar Ya Na ne a Yendi. Fulanin Senegambiya suna da nyanyooru, Yarabawa sun saka goje cikin kiɗan sakara. Jacqueline DjeDje ta kwatanta Fulani da Hausawa da Dagomba a littafinta na 2008, kuma abin takaici ne a ce aikin da ya fi zurfi a kan gogenmu daga Amurka ya fito.

Ko kukuma, ƙanwar goge, wadda Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka yi suna da ita, idan an tashi nazarinta kalmomin ake kwafewa a takarda, a bar kiɗan a cikin kaset.