Zaizayar ƙasa: muna ƙirga mitoci, mun manta da mutane

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwarin Bulbula da Gayawa, tsakanin ƙananan hukumomin Nassarawa da Ungogo a Kano, ya san ruwa na cin gida ko babu teku a kusa. Kowace damina kwarin sai ya ƙara faɗi, yau ya ci katanga, gobe ɗaki. Ƙorafina a nan a kanmu ne, mu masu bincike, da yadda muke auna wannan bala'i.

Yawancin rahotannin da nake karantawa a karatuna na digiri na biyu salonsu ɗaya ne. A ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru daban-daban, a lissafa mita nawa ruwa ya ci, a shafa wa taswira jan launi. Aikin yana da amfani, ban musa ba. To amma taswirar ba za ta gaya maka wa zai iya sake gini ba, da wanda in ɗakinsa ya rufta shi ke nan.

Mu leƙa bakin teku, a can abin ya fi fitowa fili. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa sun jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas. Duwatsun suka tare yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas, sai teku ya shiga cin gaɓar Bar Beach. Da yake bayanta akwai Victoria Island, unguwar bankuna da manyan ofisoshi, an gina katangar dutse mai tsawon kilomitoci, har da sabon birni, Eko Atlantic. Ayetoro kuwa, garin masunta a jihar Ondo da aka kafa a 1947, teku ya haɗiye masa gidaje da makarantu. Hukumar NDDC ta ba da kwangilar kare gaɓar a 2004, aka sake bayarwa bayan ƴan shekaru, har yau ruwa na shigowa. Teku ɗaya ne fa. Inda fili ya yi tsada, can kariya ta tafi.

Haka lissafin yake a Kano. Rufin kwano, kwalta da daɓen siminti suna hana ruwan sama nutsewa, sai ya taru ya gangara da ƙarfi. Na Bompai ya bi rafin Getsi zuwa Jakara, na Sharada da Challawa ya nufi kogin Challawa, inda ɗibar yashi ke ƙara raunana gaɓa. Masana'anta tana da kuɗin gina magudana ta tura ruwan gaba. Gaban nan kuwa, ai fili mai araha ne, wurin lebura da ɗan haya da mai ƴar gonar kayan lambu. Da yawansu ba su da takardar mallakar fili, ranar biyan diyya kuwa takarda ake fara tambaya.

Shi ya sa nake jin takaici in an ce wai sauyin yanayi ne, a rufe magana. Gaskiya ne yana ƙara ƙarfin ruwa, amma ba shi ya zaɓi wanda zai zauna a bakin kware ba.

Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, dama ce babba. Kafin a zuba siminti, a shiga gida-gida a tambaya: mutum nawa ke kwana a nan? Haya ne ko mallaka? In aka tashe su, ina za su koma, kuma nawa ne kuɗin mota zuwa wurin aiki? Amsoshin nan su hau taswira ɗaya da mitocin, don mai raba kasafi ya gan su tare.