Kyamara a ɗakin likitan haƙori

Tun harin da Boko Haram ta kai Diffa da Bosso a Fabrairun 2015, kyamarorin da ke sauka kwarin Komadugu kusan abu ɗaya suke nema: rumfunan 'yan gudun hijira a bakin titi, sansanin Sayam Forage, gonakin tattasai da aka gudu aka bari. Yaron da ke toshe kunnuwa da zarar janareto ya tashi, wanda maƙwabta ke cewa iska ce ta taɓa shi, ba ya shiga labarin. Galahanga ce lalurarsa, kuma ranar da haƙorinsa ya yi kogo, gida gaba ɗaya ba barci.

Ɗakin likitan haƙori ya tara duk abin da irin wannan yaro ke gudu. Ga fitila a tsakar ido, ga ƙarar injin da ke shiga har ƙashin kai, ga warin magani, ga yatsun baƙo cikin safar roba a bakinsa. Abin da ake cewa taurin kai, azaba ce. A 2015 Sharon Cermak da abokan aikinta a Los Angeles suka rage hasken ɗakin, suka sa kiɗa mai sanyi, suka lulluɓe yara masu galahanga da mayafi mai ɗan nauyi, sai aka ga firgicinsu ya ragu.

Wahalar mai shirya fim ita ce wannan ciwo ba ya fitowa a hoto. Cutar noma tana cin fuska, shi ya sa fim ɗin Restoring Dignity, da aka ɗauka a asibitin noma na Sakkwato, ke magana tun kafin a buɗe baki. Galahanga kuwa a kunne da fata take. Jerry Rothwell ya gane haka a fim ɗinsa The Reason I Jump na 2020, wanda ya bi matasa masu lalurar har Saliyo: ya ba sauti ragama, ya kumbura ƙananan ƙararraki har mai kallo ya fara jin abin da suke ji. Wannan ce hanyar da ta dace. Ɗaukar yaro yana ihu an danne shi a kujera ba wuya, sai dai tozarci ne, kuma 'yan kallo iyayen kawai za su tausaya wa.

Nijar ba ta rasa masu wannan haƙuri ba. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta zauna da mata marasa haihuwa a fim ɗinta L'Arbre sans fruit na 2016 har suka faɗi abin da ake ɓoyewa, don ita ma da nata ciwon ta shiga. Duk wanda zai yi irin wannan aiki a Diffa sai ya ji Barbarci da Fulatanci ban da Hausa, ya saba da gidan kafin ya fito da kyamara, ya nemi yardar yaron ba ta iyaye kaɗai ba. Fitilun ɗaukar hoto ma sai ya bar su a mota, domin su kansu suna cikin abin da ke firgita yaron.