Guzuri da Umurni a Labarin Yaƙin Taurari: Awo da Mudun Ƙwanni

A cikin ƙagaggun labaran Turawa akwai wani reshe mai ba da labarin yaƙi tsakanin taurari. Marubutan Hausa ba su shige shi sosai ba. Ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), wanda ya kai mai karatu sama, labarin yawo ne, ba na yaƙi ba. A nan za mu duba littafi guda, The Forever War na Joe Haldeman (1974), mu auna shi da abin da ya auku a Birnin Ƙwanni.

Haldeman, tsohon sojan yaƙin Biyetnam, bisa nisa ya gina labarinsa. Jirgin mayaƙa yana gudu kusa da gudun haske, don haka watannin da William Mandella ya yi a hanya, shekaru ne masu yawa a duniya. Kafin ya isa fagen fama makamansa sun zama tsohon yayi, kafin ya dawo waɗanda suka aike shi sun shuɗe. Yaƙin ya haura shekara 1000, daga baya aka gane rashin fahimta ce ta haddasa shi. Nan ƙarfin littafin yake: nisa yakan tsinke igiyar da ke tsakanin mai umurni da mai bindiga.

Rauninsa kuwa shi ne galibin duniyoyin da ake gwabzawa a kansu kufai ne, ba rumbu, ba rijiya, ba talaka. Soja ya zo da abincinsa cikin jirgi, saboda haka ba wanda guzurinsa ya talauta.

Tarihinmu bai san irin wannan yaƙi ba. A farkon shekarar 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta bar bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, da sojoji da ƴan dako da mata kusan mutum 2000. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar wa Ingila ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, ta tura Faransawa arewa, inda ruwa ke wuya. Ƙishirwa ba ta karanta taswira: rundunar ta kutsa cikin rabon Ingila, tana ci daga rumbunan garuruwan hanya. Ran 8 ga Mayu ta faɗa wa Ƙwanni, ta hallaka jama'a masu yawa.

Abin lura shi ne tun watan Afrilu labarin ta'asarsu ya kai Paris, aka umurci Kanar Klobb ya taso ya tsai da su. Bai cim musu ba sai ran 14 ga Yuli, kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe shi. Wato Ƙwanni ta ƙone ne cikin ratar da ke tsakanin fitar umurni da isarsa. Haldeman ya ga wannan rata da idon soja. Bai gan ta da idon garin da ke bakin hanya ba.

Duk marubucin Hausa da zai kai yaƙi cikin taurari, ya fara da tambaya uku: wa ya ɗauki kaya, rijiyar wa aka sha, kuma kwana nawa saƙo ke yi a hanya? Mutanen Ƙwanni sun riga malaman adabi sanin amsa.