Zanen Bulama Da Hotunan Biki

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, zancen wani zane ne.

Mustapha Bulama mai zanen barkwanci ne, ya yi suna a jaridar Daily Trust. A watan Satumba na 2020 aka ɗaura auren Hanan, ɗiyar shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari, sai mahaifiyarta Hajiya Aisha ta saki hotunan bikin a intanet. Shi kuma Bulama ya zana ta tana nuna wa talakawa hoton amarya da ango, su kuwa suna nutsewa cikin ruwa, wai ko ba komai sa more kallon hotuna. Ƙasa ta ɗauka. Mai magana da yawunta ya ce ba a yi mata adalci ba.

To, ni dai a ganina ta fuskar gwaninta babu abin kushewa. Abin da mu marubuta za mu cinye shafi 200 muna kewaye-kewaye, shi a ɗan akwati ɗaya ya gama. Kuma ki lura, bai taɓa auren ba, aure sunna ne. Nunin ya taɓa, da lokacin da aka yi shi. A watan nan aka ƙara kuɗin fetur da na wutar lantarki, a daminar nan kuma ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a jiharmu ta Kebbi. Wadda ta taɓa zama gidan biki alhali tukunyarta kwana biyu ba ta hau murhu ba, ba sai an yi mata fassara ba.

Amma fa ina da ƙorafi. Wa ya ƙara kuɗin man? Maza ne a ofis. Wa aka zana? Uwa mai murnar aurar da ɗiyarta. Wace uwa ce a cikinmu ba ta yawo da hoton bikin ɗiyarta gida-gida? Ban ce ba ta da laifi ba, uwar ƙasa ba kamar ni da ke ba ce, abin da ta nuna kowa ta nuna wa. Sai dai zanen mace ya fi saurin yaɗuwa, dariyar ta fi daɗi a bakin maza, mai zane kuwa ya kamata ya san haka kafin ya ɗora alƙalami. Ga shi kuma 'yar maganar da ke jikin zanen da Turanci take, yawancin waɗanda aka zana a ruwan sai an karanta musu.

Sai batun ruwan kansa. A wurin mai karatu a Abuja ruwan misali ne kawai, wato wahala ta kai wa talaka wuya. Mu nan bakin tafkin Kainji, daga Yawuri zuwa Ngaski, ba misali ba ne. Wata 8 bayan zanen, ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya kife kusa da Wara. Kimanin 20 aka ceto da rai. Allah Ya jiƙansu. Bulama bai san gaibu ba, ba kuma Wara ya zana ba. Amma in kika nuna wa matar Wara zanen nan a waya, ba hoton amaryar za ta fara duba ba, mutanen cikin ruwan za ta tsaya ƙirgawa.