Ɗan Fashin Teku da Aka Wanke wa Yara

Yawancin kayan da ɗan fashin teku ke ado da su a littattafan yaran Turai daga alƙalamin mutum ɗaya suka yaɗu. Robert Louis Stevenson ya fara fitar da Treasure Island kashi-kashi a mujallar yara ta Young Folks a 1881, littafin ya fito dunƙule a 1883. Shi ya cusa wa duniya taswirar dukiyar da aka binne, da aku a kafaɗa, da matuƙi mai ƙafa ɗaya. J. M. Barrie ya ƙaro Kyaftin Hook mai ƙugiya a madadin hannu a wasan Peter Pan na 1904. Na baya sun gaji kayan, amma akasarinsu sun yar da abin da ya ba littafin Stevenson nauyi, kuma yaron da ake rubuta wa ne ya yi asara.

Abin da aka yar shi ne halin Long John Silver. Kuku ne a jirgin Hispaniola, mai fara'a da daɗin baki, ya ja yaro Jim Hawkins a jiki har Jim ya amince masa. Wata rana da daddare Jim ya shiga gangar tuffa neman abin taunawa, sai ya ji Silver yana kitsa tawaye, yana kuma fasa wa wani matashin matuƙi kai da irin yabon da ya saba yi wa Jim ɗin. Daga baya Jim ya ga Silver yana kashe mutum. Mai karatu ɗan shekara goma yakan so Silver, yana kuma tsoronsa a lokaci guda, kuma wannan ruɗun ne amfanin littafin. Tun daga irin Captain Pugwash na John Ryan kuwa, ɗan fashi ya koma matsoracin wawa mai tumbi wanda ba ya cutar da ko ƙuda.

Za a ce ai nishaɗi ne, ɗan shekara biyar bai da buƙatar ganin jini. Na yarda, ba wanda ke neman a firgita shi. Ko Gizo ma mayaudari ne da yara ke ƙauna, sai dai tatsuniya ba ta ɓoye wanda ya cuta. Wankin da ake yi wa ɗan fashi kuwa yana shafe waɗanda aka cuta ɗungurungum, kuma da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne. Jirgin ɗan fashi Blackbeard, Queen Anne's Revenge, jirgin safarar bayi ne na Faransawa da ya ƙwace a 1717. Jirgin ɗan fashi Sam Bellamy, Whydah, shi ma na safarar bayi ne, kuma jirgin ya samo sunansa daga tashar Ouidah ta Benin ta yau. Bartholomew Roberts a jirgin bayi yake aiki lokacin da 'yan fashi suka kama shi a Anomabu, gaɓar Gana, a 1719, daga baya kuma ya zama kyaftin ɗinsu. Bayan an kashe shi a 1722, an rataye mutanensa 52 a Cape Coast, baƙaƙen fatar da ke cikin ayarinsa kuma aka sayar da su bayi.

Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya ɗaukar wannan, kamar yadda takwarorinsa suka ɗauki Silver tun 1883. Stevenson bai ma hukunta shi ba: ya bar shi ya sulale daga jirgin da buhun kuɗi, Jim kuma ya ci gaba da mummunan mafarki da tsibirin.