Elcados: Jitar Da Kano Ta Manta

Idan aka ɗauko zancen kiɗa a Kano, bakin manazarta ba ya wuce Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya. Wannan daidai ne, amma akwai wani reshe da muka bari a baya, wato kiɗan jita na samarin shekarun 1970, lokacin da masana'antun Bompai ke aiki dare da rana, Sharaɗa da Chalawa kuma suna tasowa. Ma'aikacin masaƙa da ya karɓi albashi yakan nemi wurin shaƙatawa, yawanci a Sabon Gari, kuma irin wannan kasuwa ce ta rayar da ƙungiyoyi kamar Elcados, wadda ta fara da sunan Moonrakers.

A 1973 kamfanin EMI ya fitar da faifansu mai suna This World Is Full of Injustice. Mai saurare zai ji tasirin kiɗan bulus da rok na Amurka da Ingila, musamman kukan jita irin na Jimi Hendrix, sai dai gangunan ba na Turai ba ne, rawar ƙasar nan suke bi. A ganina nan ƙarfinsu yake. Rauninsu kuwa yana wajen kalmomi, domin baitocinsu na Turanci ba su kai nauyin kiɗan ba, ballantana a gwada su da azancin makaɗanmu na gargajiya. Inda suka jingina da harsunan gida, waƙar ta fi zama daram.

Abin takaicin shi ne, ba mu muka adana wannan aiki ba. Sai a 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya sake fitar da waƙarsu Ku Mi Da Hankan cikin tarin Nigeria Rock Special, sunan da kunnen Bahaushe zai ji kamar gargaɗi ne a mai da hankali. Tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antu suka yi ta rufewa, aljihun ma'aikaci ya bushe, makaɗan jita suka watse, faya-fayan suka bi ƙura.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa marubuta da ɗaliban Jami'ar Bayero, a nemi dattawan da suka ga wannan zamani, a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Tarihin leburan Kano bai cika ba sai an haɗa da kiɗan da ya saurara. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.